Sallamar Goggo Amina a Hoshin Rijiya

Kowa a cikin motar nan ya fashe da kuka lokacin da koriyar ƙubba ta bayyana daga nesa, ban da ni. Ba taurin zuciya ba ne. Hankalina yana kan Alhajin da ya karɓe mana fasfo a Jidda, ya ce mu yi gaba, zai biyo mu a motar baya da maganar aikin da ya samo mana a gidajen Larabawa. Mutum ne mai haƙorin Makka biyu da carbi kamar igiyar guga, in yana magana sai ka rantse gobe za a naɗa shi liman. Har yau motar bayan ba ta iso ba.

Shekara biyu ke nan bayan babban farin da ya share mana garke, ciwon ciki kuma ya ɗauke maigidana. Na bar yara uku a hannun yayana a ƙasar Gumel, na taho neman abin da zan riƙe su da shi. Da rana ta take, ta karkata, babu Alhaji babu dalilinsa, sai na tuna ina da jini a garin. Yayar mahaifina, Goggo Amina, ta taho aikin hajji a ƙafa ita da mijinta tun ba a haife ni ba, ba ta koma ba. Kwatancen gidanta da mahaifina ya riƙe har ya mutu shi ne, Madina, kusa da Manzo. A ganinsa wannan ya isa.

Kusa da Manzon kuwa na nufa. A wani lungu bayan masallaci na ga wata baƙar mata mai jiki zaune gaban faranti, tana sayar da soyayyar gyaɗa. Na yi mata sallama da Hausa, ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Inti min fen? Daga ina?"

"Daga Gumel."

"Fasfo fa?"

Na ba ta labarin Alhaji. Ko mamaki ba ta yi ba, ta dai ɗebo gyaɗa ta zuba mini a hannu.

"Halas, kin zama tamu. Ci, miskina. Wa kika sani a nan?"

Da na ambaci Goggo sai ta tafa hannu. "Hajja Amina mai daka! Wallahi kin yi sa'a. Sunana Kaltume, zauna in sayar da wannan mu tafi tare."

Inda ta kai ni ba kusa da Manzo ba ne yadda mahaifina ya zata. Tafiya muka yi har shaguna suka ƙare, muka bi gindin wata doguwar katangar baƙin dutse, muka ɓulla cikin wata tsohuwar gonar dabino. A nan mutanenmu suka kakkafa bukkoki da gwangwanayen man gyaɗa da aka buɗe aka miƙar, da ganyen dabino, da kwali. Sunan wurin Bayan Katanga. Na baro ɗakin ƙasa mai sanyi a ƙauyenmu na zo ƙasa mai tsarki na tarar da akurki. Ban faɗa ba, amma Kaltume ta gani a fuskata, ta yi dariya.

Goggo tana zaune bakin bukkarta tana tsince alkama da yatsu, don yana ta riga ta rufe mata ido. Siririyar tsohuwa ce, amma damatsanta kamar na manomi. Ta sa na durƙusa, ta shafa fuskata har ta kai kan zanen gidanmu, sai hannunta ya tsaya.

"'Yar wa ce ke?"

"'Yar ƙaninki Haruna. Uwale ake ce mini."

"Uwale. Sunan wa aka mayar?"

"Na mahaifiyarku."

Ta sauke hannunta daga fuskata. Sannan ta tambaya ko tana raye, na ce ta rasu ina goye. Na gaya mata abin da na ji a gida, cewa duk kaka sai tsohuwar ta ware dami ɗaya na gero ta ce na Amina ne, kada a taɓa, tana hanya.

"Shekara biyu na ce mata zan yi," in ji Goggo. Daga ranar ba ta taɓa kiran sunana ba, sai Uwata.

Ban yi mako ba na gane abin da ya riƙe ta a garin. Mijinta da 'ya'yanta uku duk suna kwance a maƙabartar Baƙi'a, gefen masallacin Manzo. Kowace Juma'a sai na ja ta mu je gindin katangar maƙabartar, tun da mata ba sa shiga, ta dafa dutse ta ce wa mijinta, "Malam, ga ni nan tafe, a rage mini wuri." Likkafaninta yana cikin wani gwangwani a ƙarƙashin shimfiɗarta, an wanke shi da zamzam tun shekarun da ba ta iya ƙirgawa. Ba ta da takarda ko ɗaya, don lokacin da ta shigo ƙasar babu mai tambaya. Abu ɗaya take nema a duniya, ta mutu a Madina a sa ta inda suke.

Sana'armu daka. Katangar nan da muke bayanta ta wani hoshi ce, wato fili mai faɗi da gidajen bene suka kewaye, duk suna kallon ciki, ƙofar shiga kuma guda ɗaya tak, ta ƙarfe. Mutanenmu suna kiransa Hoshin Rijiya. Da hantsi mukan shiga, ni da turmi a ka, Goggo da taɓare biyu a kafaɗa tana riƙe da gefen mayafina. Sai a zuro kwando da igiya daga tagar bene, da alkamar kunun azumi a ciki, ko kayan yaji, ko lallen biki. Mu daka, mu mayar a kwando, a ja, a zuro lada. Akwai gidajen da na yi wa daka shekara guda ban taɓa ganin fuskar matar gidan ba, muryarta kawai na sani.

Mutum ɗaya ce ke saukowa, wata tsohuwa fara sol da ake kira Ummu Salih. Takan kawo mana shayi da na'ana'a, ta tsuguna kusa da Goggo su yi ta hira da Larabci suna ƙyaƙyatawa kamar 'yan mata. Ɗanta Salih shi ne umda, mai unguwar hoshin, ya gaji mahaifinsa. In ta hango shi tafe sai ta kwashe kofuna ta shige.

Rana na yin ja, mai gadin ƙofa zai ɗauki sanda ya hau dukan wani tsohon gwangwani.

"Yalla ya takarna, magrib!"

Takarna mu ke nan, baƙaƙe. Masu daka, masu wanki, masu ɗiban ruwa, kowa ya saki abin da yake yi ya nufi ƙofa. Baƙin mutum ba ya jin kiran magariba a cikin hoshin nan. Ko rabin turmi ya rage, sai gobe. Ran farko da na ji dukan gwangwanin na tsaya na riƙe ƙugu, na ce da Hausa ni ba akuya ba ce da za a kaɗa ni turke. Goggo ta ja mayafina.

"Uwata, ɗauki turmi. Bakin nan naki shi zai kai mu Jidda, a mayar da mu gida."

A bakin turmi ta ba ni tarihin wurin, kaɗan-kaɗan, tsakanin saukar taɓarya da tashinta. Ba ta gani, amma da haɓa take nuni, ba ta kuskure.

"Kin ga ƙofa mai shuɗin fenti? Ɗakin Malam Garba Bakatsine ne, mai wankan gawa. Ta kusa da ita wasu Barebari ne, masu ɗinki. Can kusurwa, inda suke ajiye gawayi yanzu, namu ne. A nan na haifi duka ukun, cibiyarsu tana binne bayan ɗakin."

"A cikin hoshin nan kuka zauna?"

"Rabinsa mu ne. Rijiyar da ake kiransa da ita Malam maigidana ne ya yashe ta. Salihun nan da kike gani yana tafiya kamar ya haɗiye taɓarya, nonon uwarsa ya ƙafe yana jariri, ni na shayar da shi tare da Habibuna."

"To me ya fitar da ku?"

"Shekarar amai da gudawa. Ta kashe nasu, ta kashe namu, ni biyu ta ɗauke mini a mako guda. Amma aka ce mu muka kawo ta, wai ƙazanta gare mu. Uban Salihu ya tara maza. Da safe muka ga kayanmu a fili, su kuma tsaye da sanduna. Malam Garba ya ce shi ba inda za shi, shi ya wanke iyayensu. Suka karya masa hannu. Kafin magariba an rufe ƙofa muna waje."

"Ba wanda ya yi magana?"

"Ummu Salih ta yi kuka ta taga."

"Kuka!" na ce, na sauke taɓarya da ƙarfin da sai da alkama ta yi tsalle. Abin da ya fi ƙona mini rai, yaran hoshin da suka taso daga baya ba su san wannan ba. Wata yarinya ta taɓa ce mini ta taga, cikin fara'a, wai mu ba ma son zaman gidan dutse ne, mun fi sabawa da bukka.

Haka muka yi ta yi har na shekara uku. Ina aika ɗan abin da ya samu gida ta hannun alhazai, ina kwana da tunanin yarana, ina tashi da shi. Na koyi Larabcin ciniki da na zagi, na biyun ya fi zama a bakina.

Sai injin niƙa ya zo bakin kasuwa. Kwanduna suka fara raguwa, wata rana ɗaya, wata rana babu. Aka ja famfo cikin hoshi, aka toshe rijiya da siminti, masu ɗiban ruwa suka zama ba su da abin shiga. Ran nan muka zo da hantsi, mai gadi ya tare ƙofa da sandarsa ya ce umda ya ce an gode, ba a bukata. Da ma don aiki ake barinmu mu shiga, aiki kuwa ya ƙare. Ba a jima ba muka ji an sayar da gonar dabinon za a gina benaye, mutanen hoshi kuma sun kai ƙara cewa hayaƙinmu da warinmu sun dame su. Aka zo da jan fenti aka shafa wa kowace bukka, alamar za a rushe.

Masu takardar zama ɗan ƙasa, tabi'iyya, suka fara kwashe kaya zuwa unguwar Sih, wasu can wajen Ƙuba. Marasa ita kuwa, kowa ya san mota ce zuwa Jidda, daga nan gida. Ni gida ba abin tsoro ba ne a wurina. Goggo ce abin ji. Kaltume, Allah ya saka mata, mijinta yana da tabi'iyya, ta ce akwai ɗan ɗaki a bayan gidansu a Sih.

"Ba wanda zai shiga ya nemi tsohuwa makauniya. Ta zauna har Allah ya yi ikonsa, mu kai ta Baƙi'a da hannunmu. Ranar Alhamis bayan la'asar walad ɗina, ɗana ke nan, zai zo da sayyara, wato mota. Ku shirya, la tit'akkaru, kada ku makara."

Ranar Alhamis na ɗaure kaya tun azahar. Na juyo na ga Goggo ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na Juma'a, ta ɗauki sanda.

"Kai ni hoshi."

"Hoshi kuma? Mu yi me?"

"Sallama. Shekara arba'in ina maƙwabtaka da mutane, in tashi kamar ɓarauniya? In je in kwanta a Baƙi'a da haƙƙin maƙwabci a wuyana? Sai na nemi gafararsu gida-gida."

"Ke za ki nemi gafararsu? Goggo, su suka watsar miki da kaya!"

"Wannan tsakaninsu da Allah. Ni nawa nake saukewa. A gidanku haka aka koya miki, a bar gari ba sallama?"

Na yi faɗa, na yi magiya, na ce mota na zuwa. Ta ce in ba zan kai ta ba za ta lalubi katanga ta tafi. Na san za ta aikata. Muka tarar an buɗe ƙofar hoshi wata motar kaya tana shiga, mai gadi yana can yana yi wa direba nuni, muka bi gefenta muka shige.

Ƙofar farko Goggo ta ƙwanƙwasa da kan sandarta. Aka tambaya daga ciki ko wane ne, "Min?" Ta buɗe baki ke nan za ta yi bayani, matar ta leƙo ta tsagar taga, ta ga baƙar tsohuwa da sanda, sai ta ce, "Samihina ya hajja, Allah karim." Taga ta rufe.

Ma'anar kalmar, ki yafe mana. Amma kowa a garin ya san abin da ake nufi da ita. Ita ake faɗa wa mai bara in ba za a ba shi komai ba, kamar yadda a gida ake cewa Allah ya ba da haƙuri. Na ja hannunta mu tafi. Goggo kuwa ta gyara tsayuwa, ta fuskanci rufaffiyar ƙofar.

"Samahtukum," ta ce. "Na yafe muku, duniya da lahira."

Ƙofa ta biyu haka. Ta uku ma ba a tambayi ko wane ne ba, daga bene aka jefo kalmar. Matan da ta daka wa lallen aurensu, ta daka wa na 'ya'yansu, kowace samihina ya hajja, ita kuma kowace sai ta tsaya ta amsa mata cikakkiyar amsa. A ƙofa ta biyar ko ta shida na kasa daurewa.

"Goggo, korar mabarata fa suke miki! Ba gafara suke nema ba!"

"Na fi ki jin Larabci, Uwata."

"To don me kike amsawa?"

"Sun faɗa ko ba su faɗa ba? Da bakinsu, a garin Manzo. Shekara ashirin ina jiran in ji ta. Ni ba a aiko ni in duba zuciyar kowa ba. Ja ni mu je gaba."

Na ja ta, ina kallon rana tana sauka a kan benaye. Tafiyarta ta tsufa, ga ƙofofi da yawa, ba ta yarda a tsallake ko ɗaya ba, har ɗakin gawayin nan sai da ta dafa bangonsa. Ƙofar Ummu Salih ce ta ƙarshe. Muka ji takun silifa ya sauko matakala, ya zo daf da ƙofa, ya tsaya. Ina jin numfashinta ta cikin katako.

"Ya Ummu Salih, ni ce Amina. Zan tashi. Abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini."

Sai muryar ɗanta Salih daga sama, da tsawa, "Ummi!" Takun silifar ya koma yadda ya zo. Ita ko samihina ɗin ba ta ce ba.

A nan kiran salla ya taso daga Harami. Ba a daki gwangwani ba ranar, don an daina shigar da waɗanda ake kaɗawa. Sai ƙarar ƙofar ƙarfe kawai muka ji, garam, da sakata. Na saki hannun Goggo na ruga, na roƙi mai gadi da duk Larabcin da na iya. Ya ce umda ya ce a rufe, an riga an buga wa askarawa waya. Ta ƙasan ƙofa ina hango ƙafafun motar ɗan Kaltume a bakin hanya, tana jira.

Na dawo na tarar da Goggo tana murmushi.

"Kin ji yadda kiran yake shigowa nan? Ta kan ɗakin Malam Garba yake faɗowa. Na manta. Kai ni bakin rijiya."

A kan simintin da aka toshe rijiyar ta shimfiɗa mayafinta ta yi magariba, a tsanake, har da nafila. Ni ban iya yin sallar ba, ban ɓoye ba, zuciyata tafasa take. Tana sallamewa askarawa suka shigo, su uku. Mazan hoshi da suka fito daga salla suka kewaye mu. Babban askarawan saurayi ne, da ya ga wadda aka kira shi ya kama sai ya yi turus. Ya tambayi takarda, babu. Ya dubi mutanen.

"Wa ya san tsohuwar nan? In akwai wanda zai tsaya mata, in bar ta."

Ba wanda ya motsa. Na ɗaga kai, tagogi cike da inuwar mata. Ya sake tambaya, wannan karon yana duban umda. Salih ya gyara mayafin kansa.

"Ma na'rifha. Ba mu san ta ba. Hoshin nan ba a taɓa yin takarna a cikinsa ba."

Goggo ta juya wajen muryar. "Salihu ne? Ka yi ƙiba, muryarka ta nuna. Tarin nan naka na lokacin sanyi, ya bar ka kuwa?"

Ya juya ya shige gida. Ni na amsa masa. Abin da na faɗa da Larabci da Hausa a filin nan ba zai rubutu ba, sai da askari ɗaya ya riƙe ni. A sama na ji taga ɗaya ta rufe a hankali, na kuma san ko ta wace ce.

Aka kai mu wata babbar rumfar kwano a gefen gari, an kewaye ta da waya. Mata ne tinjim, 'yan Nijar, 'yan Chadi, namu na Najeriya, wasu da jarirai, wasu an haife su a ƙasar ba su taɓa ganin inda za a mayar da su ba. Zafi kamar a cikin tanda. Ana jiran a cika mota. Kaltume ta zo bakin waya idanunta jawur, ta ce katafila ta bi ta kan Bayan Katanga washegarin kama mu. Turmi, tukwane, gwangwanin likkafani, duk suna ƙarƙashin ƙasa. Mijinta ya je ya yi magana, aka ce wanda ya riga ya shiga rumfa sai Jidda. Sannan ta turo wani ƙunshi ta ƙasan waya.

"Na bi ta gindin hoshi, aka zuro mini wannan a kwando daga tagar Ummu Salih. Ba ta ce komai ba."

Farin yadi ne, sabo, a ninke. Na gane ko mene ne, na ji kamar in cilla shi bayan waya. Kalma ɗaya aka nema a bakinta, ta ce ta san Goggo, a bar tsohuwa ta mutu a inda take so. Ta hana kalma, ta aiko da likkafani. Goggo ta karɓa ta shinshina.

"Nata ne. Tare muka saya, tare muka kai aka wanke. Yanzu ita da me za a rufe ta?"

Zazzaɓi ya kama ta a rumfar nan, ta daina cin abinci, sai ruwa. A nan na yi addu'ar da ban taɓa zaton zan yi wa wanda nake ƙauna ba. Duk salla sai na roƙi Allah ya ɗauki ran Goggo kafin mota ta zo. Wanda ya mutu a rumfa Baƙi'a ake kai shi, mun ga an yi wa wata Bazabarma haka. Ina shafa mata ruwa a goshi ina cewa ya Allah yau, ya Allah yau. Matan da ke kusa da mu suka gane, suka riƙa cewa amin. Amma jikin da ya yi shekara arba'in yana daka ba ya saki da wuri. Mota ta zo da safe, Goggo tana numfashi.

Babbar motar kaya ce mai buɗaɗɗen baya. Na zauna a kusurwa na ɗora kanta a cinyata, na yi mata inuwa da mayafi. Ina kallo koriyar ƙubba ta yi ƙanƙanta, gonaki suka ƙare, muka wuce ginshiƙan da ke nuna iyakar Harami, muka shiga baƙaƙen duwatsu.

"Uwata, mun wuce iyaka?"

"Da saura, Goggo."

Aka jima ta sake tambaya, na sake cewa da saura. A karo na uku ta ɗan murmusa.

"Ƙarya ba ta karɓe ki ba. Tun ɗazu na daina jin ƙamshin na'ana'a. Allah ya yi miki albarka."

Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Na zaga hoshi kaf. Kowa na yafe masa. Ba wanda ya ce ya yafe mini, ko mutum ɗaya." Numfashinta yana sama-sama. Da ta sake magana muryarta ta canza, ta koma ta yarinya. "Uwata, shekara biyu na ce miki. Kin yi ta ware mini dami. Ban zo ba. Ki yafe mini."

Na gane ba da ni take ba. A gidanmu ko da wasa yaro ba ya kiran sunan yayar ubansa gatsau. Na sunkuya daidai kunnenta, na faɗa yadda mai sunan za ta faɗa.

"Na yafe miki, Amina. Duniya da lahira."

Ta saki ajiyar zuciya. Kafin azahar ta cika, a kan cinyata, mota tana gudu.

Matan motar suka yi ta dukan rufin gaban mota har direba ya tsaya a wani ɗan ƙauye cikin kwari, gidajen laka da 'yan itatuwan dabino. Talakawa ne ƙwarai. Ba su tambayi takarda ba, ba su tambayi ko daga ina take ba. Tsofaffin matansu suka taya ni wanka, muka naɗe ta a likkafanin Ummu Salih. Mazansu suka yi mata salla suka sa ta a tsakiyar maƙabartarsu, askarin da ke rakiyarmu ma ya kama makara. Na tambayi sunan ƙauyen, aka faɗa mini, kuka bai bar ni na riƙe ba. Direba yana ta matsa oda, muka hau muka tafi.

Na dawo gida da zanen jikina, na tarar da yarana sun girma, autar ba ta gane ni ba. Tun daga lokacin, in mai bara ya yi sallama a ƙofata, ko ba ni da abin ba shi sai na buɗe na dubi fuskarsa. Jikokina suna cewa tsegumi ne ya yi mini yawa. Mutanen hoshi kuwa, Goggo ta yafe musu, ni shaida ce. Ni ba wanda ya nemi tawa, ban kuma bayar ba.

Bayan shekaru ɗana ya biya mini hajji, na koma da fasfo nawa a hannuna, ba na ba kowa riƙo. Na nemi Hoshin Rijiya na rasa. An rushe shi shi ma, da ƙofar ƙarfen da tagogin, benaye ne a wurin masu shaguna a ƙasa. Wani mai sayar da turare da na tambaya ya ce shi bai taɓa jin an yi hoshi a nan ba.

Ranar Juma'a na tafi Baƙi'a ni kaɗai. An sake katangar, amma na gane gefen da muke tsayawa. Na dafa ta, na yi sallama.

"Baba Malam, ni ce Uwale, mai jan Goggo. Na zo in gaya muku ne, kada ku yi ta jira. Ta taso, an tare ta a hanya. A ba wani wurin."